Sola ta yi arha, saura kuɗin ruwa da layin wuta

A shekarar 2017 aka gama kafa injinan iska 365 a kusa da Tafkin Turkana, can arewacin Kenya. Wuri ne na duwatsu da ƙura, amma iskar da ke ratsowa tsakanin tsaunukansa ba ta cika hutawa ba, shi ya sa injiniyoyi suka zaɓe shi. An tsayar da turaku, an ɗora musu fukafukai, megawat 310 na nan a shirye. Sai dai layin da zai kwashi wutar ya kai ta Suswa, inda za ta shiga babban layin ƙasar, tafiyar fiye da kilomita 400, bai kammala ba, domin kamfanin ƙasar Sifaniya da aka ba kwangilar ya karye. Haka injinan suka yi cirko-cirko fiye da shekara guda, iska na wucewa a banza, sai a watan Satumba na 2018 wuta ta fara tafiya. Yarjejeniya kuwa ta ce dole a biya masu tashar kuɗin wutar da suka shirya bayarwa, ko an sha ko ba a sha ba. Mutanen Kenya ne suka biya.

Duk lokacin da na ji ana maganar komawar ƙasashe masu tasowa ga makamashi mai sabuntuwa, irin na rana da iska da ruwa, wannan labarin nake fara tunawa. Iska ba ta gaza ba, injin bai gaza ba. Abin da ya gaza shi ne abin da ke kewaye da injin: layi, kwangila, bashi, da kamfanin da zai sayi wutar. A nan gizo yake saƙarsa, kuma nan ne aka fi yi wa gajeren bayani.

Ita kanta kalmar sauyi tana ruɗar mutane. Idan Jamus ta rufe tashar kwal ta kafa ta iska, sauyi ne na gaskiya, domin kowane gida yana da wuta tun kafin a fara. A Afirka kudu da Sahara kuwa mutum kusan miliyan 600 ba su da lantarki sam. Idan aka cire Afirka ta Kudu, abin da mutum ɗaya yake sha a yankin a shekara bai kai yunit 200 ba, yunit ɗin nan da mita ke ƙirgawa, wato kilowat ɗaya na awa guda. Ba'amurke yana shan wajen yunit 12,000. Duk nahiyar Afirka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Wanda bai taɓa kunna ƙwai a ɗakinsa ba, daga me zai sauya? Aikinsa gini ne daga tushe.

Sannan zuba ƙasashe masu tasowa a kwando ɗaya kuskure ne. Indiya da Indonesiya da Afirka ta Kudu sun gina masana'antunsu a kan kwal, kuma dubban ɗaruruwan iyalai suna ci daga haƙarsa. Chadi da Nijar da Malawi da Sudan ta Kudu kuwa ciwonsu rashin wutar ne baki ɗaya. Majinyata biyu ne, kowa da maganinsa.

Abin da ya haɗa su shi ne faɗuwar farashi, kuma faɗuwa ce da ba a cika ganin irinta ba. Daga 2010 zuwa 2023 kuɗin samar da lantarki daga manyan gonakin sola ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Batirin litiyam ma ya yi irin wannan saukowa. Chaina ce ta ja akalar, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙera faifan sola a duniya a hannunta yake. Sakamakon yana nan a fili: gonar sola ta Bhadla a hamadar Rajastan ta Indiya mai megawat sama da 2,200, da ta Benban kusa da Aswan a Masar. Tun a 2016 aka yi gwanjon kwangilar gina tashar sola a Zambiya aka tashi a kan kimanin senti 6 na dala kowane yunit. To in haka ne, me ya sa Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce Afirka na da kashi 60 cikin 100 na wuraren da suka fi ko'ina hasken rana, amma faifan da aka kafa a cikinta kashi 1 ne kacal na duniya?

Amsar tana cikin yadda ake biyan kuɗin kowace irin tasha. Janareto ko tashar gas ba ta da tsadar saye sosai, tsadarta a wajen ciyarwa take: kullum sai an zuba mai. Sola akasin haka ce. Kusan duk kuɗinta ranar farko ake biya, daga nan sai shara da wanke ƙura har shekara ashirin da biyar. Ma'ana, wanda ya gina tashar sola ya sayi wutar shekara ashirin da biyar ne a dunƙule, kuma da bashi. Saboda haka kuɗin ruwan da aka ɗora wa bashin shi ne man da tashar take sha.

Mu yi lissafi a fili. A ce kamfanoni biyu kowanne ya ci bashin dala miliyan 100 don gina tasha iri ɗaya, za a biya cikin shekara 20. Na farko an ba shi a kan ruwan kashi 4 cikin 100, duk shekara zai biya kimanin dala miliyan 7.4. Na biyu an ba shi a kan kashi 12, zai biya kimanin miliyan 13.4. Faifai iri ɗaya, masana'anta ɗaya, wataƙila ma na biyun ya fi samun rana, amma wutarsa ta kusa ninka ta ɗan'uwansa tsada tun kafin a kunna. Wannan ba tatsuniya ba ce: Hukumar Makamashi ta Duniya ta sha faɗin cewa tsadar jarin irin waɗannan ayyuka a ƙasashe masu tasowa ta kai aƙalla ninki biyu na ta ƙasashe masu arziki. Shi ya sa ƙasar da rana ke yi mata rowa take cike da faifai, mai rana har ta yi yawa tana kallo. Afirka na samun kimanin kashi 2 cikin 100 ne kawai na jarin da duniya ke zubawa a makamashi mai tsafta.

Masu ba da bashin suna da nasu dalilin, kuma ba duka ne son zuciya ba. Da dala aka ci bashin, da kuɗin gida ake sayar da wutar. Naira da sidin Ghana da fam ɗin Masar da rupin Pakistan duk sun zube warwas a 'yan shekarun nan. Ranar da kuɗin ƙasa ya rasa rabin darajarsa, bashin tashar ya ninka ke nan, alhali ba wanda zai iya ninka wa jama'a kuɗin wuta dare ɗaya. Ga kuma mai sayen wutar, wanda galibi kamfanin gwamnati ne da bashi ya yi wa katutu: wuta tana zurarewa a tsofaffin layuka, ana satar wata, ma'aikatun gwamnati kansu ba sa biya, farashi kuma siyasa ce ke yanke shi. Mai jari sai ya ce gwamnati ta tsaya masa, ministan kuɗi ya ce bashin da ke kansa ya ishe shi. A Najeriya an sa hannu da kamfanoni 14 a 2016 kan tashoshin sola na sama da megawat 1,000, aka yi shekaru ana ja-in-ja kan farashi da lamunin gwamnati, aikin bai tashi ba.

Idan gwamnati da bankuna suka tsaya, jama'a ba sa tsayawa. Pakistan ce ta nuna wa duniya haka. A 2024 kaɗai ƙasar ta shigo da faifan sola na kimanin megawat 17,000, ba tare da wani gagarumin shirin gwamnati ba. Kuɗin wuta ne ya ninka cikin 'yan shekaru, ɗauke wuta bai daina ba, faifan Chaina kuma ya yi arha. Mai masaƙa ya rufe rufin masana'antarsa da faifai. Manomi ya kwance injin dizal daga bakin rijiyar burtsatse ya jera faifai a gefen gona, da hantsi ruwa ya fara kwarara ba tare da ya sayi lita ko ɗaya ba. Abin farin ciki ne, kuma ina ganin duk wanda ya raina shi bai san zafin kuɗin mai ba.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Shekarun baya Pakistan ta sa hannu da tashoshi masu zaman kansu kan cewa za a riƙa biyansu kuɗin zaman shiri, ko sun ba da wuta ko ba su bayar ba. Wannan kuɗi ba ya raguwa don masu saye sun ragu. Duk lokacin da mai hali ya rage shan wutar gwamnati, kason da yake biya sai ya koma kan waɗanda suka rage. Farashi ya ƙara tashi, wasu masu halin su ma su fice, ya sake tashi. Wa ya rage a kan layin? Ɗan haya da ba shi da rufin kansa, da mai ɗaki ɗaya da ba zai iya tara kuɗin faifai da inbata da batir ba. Wannan ne ya fi damuna a duk maganar, domin hanyar da ƙasashe da yawa suka kama ke nan ba tare da an zauna an zaɓe ta ba. Masu kuɗi suna gina wa kansu ƙaramar tasha a saman gida, layin kowa da kowa yana ruɓewa a hannun talaka. Ba na ganin hana mutane sayen sola ko lafta mata haraji zai warware komai. Abin da ya kamata shi ne a sake zama kan tsofaffin yarjejeniyoyi, a gyara tsarin farashi yadda duk wanda ke jingina da layin da daddare zai ba da nasa kason na kula da shi, a kuma kare masu ƙaramin sha.

Maganar dare ta kawo mu ga gaskiyar da masu tallan sola ba sa son daɗewa a kanta. A wurare da yawa lokacin da aka fi buƙatar wuta shi ne bayan faɗuwar rana, sa'ad da kowa ya dawo gida ya kunna fitila da fanka da talabijin. Daidai lokacin faifai ya tashi daga aiki. Batir yana cike wannan giɓi na awa uku ko huɗu, kuma arharsa ta sa abin ya fara yiwuwa da gaske. Amma batir ba ya ɗaukar makon hadari ko watannin da iska ta kwanta, kuma masana'antar siminti ko ta narka ƙarfe ba ta san dare ba. Dole a samu wani abu da ke tsaye a baya, dole kuma a samu layin da zai iya ɗauko wuta daga inda take da yawa zuwa inda ake nema.

Biyetnam ta koyi wannan da tsada. A 2017 gwamnati ta yi alkawarin sayen wutar sola a kan senti 9.35 kowane yunit. 'Yan kasuwa suka yi caa, ƙasar da kusan ba ta da komai a 2018 ta wayi gari da sama da megawat 16,000 a ƙarshen 2020. Yawancin tashoshin sun taru a wasu larduna na kudu masu rana, layukan can kuma ba a gina su don irin wannan kaya ba, sai aka koma ana umartar tashoshi su rage wuta da tsakar rana. Ana iya kafa gonar sola cikin shekara ɗaya. Babban layi kuwa, da neman fili da biyan diyya da komai, yakan ci shekara biyar ko fiye, kuma ba shi da farin jini wajen masu jari ko 'yan siyasa.

Ƙasashen da suka fi nisa a wannan tafiya su ne waɗanda ba su dogara da abu ɗaya ba. Kenya na samun kusan kashi 90 cikin 100 na lantarkinta daga makamashi mai sabuntuwa, kuma ƙashin bayan abin shi ne tururin ƙarƙashin ƙasa na Olkaria, wanda aka fara amfani da shi tun 1981 kuma ba ruwansa da dare ko rani. Habasha ta fara babbar madatsarta a kan kogin Nilu a 2011, ta tara mafi yawan kuɗin daga cikin gida, ta ƙaddamar da ita a Satumbar 2025 da ƙarfin megawat 5,150. Sai dai ruwa ma yana da ranar ƙin dillanci. Zambiya, wadda fiye da kashi 80 cikin 100 na wutarta daga madatsu take, ta ga haka a fari na 2024: ruwan madatsar Kariba ya janye, gidaje suka riƙa yin fiye da awa ashirin a rana ba wuta. Sauyin yanayin da ake gudu shi ne ya zo ya taɓa maganin.

To ina kuɗin da aka yi alkawari? A taron sauyin yanayi na Copenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki suka ce za su riƙa ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020. Sai a 2022 aka ce an cika, kuma kaso mai yawa rance ne. A Baku a 2024 aka ɗaga adadin zuwa biliyan 300 kafin 2035, ƙasashe masu tasowa suka fito suna cewa ya yi kaɗan ƙwarai. A Glasgow a 2021 an yi wa Afirka ta Kudu alkawarin dala biliyan 8.5 don ta rabu da kwal, daga baya aka yi wa Indonesiya na biliyan 20, Biyetnam biliyan 15.5, Senegal yuro biliyan 2.5. Da aka buɗe ƙunshin Afirka ta Kudu, kyautar da ke ciki ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, saura duk bashi ne da lamuni. A Maris na 2025 Amurka ta zare hannunta. Tashar kwal ta Komati da ke lardin Mpumalanga, wadda aka kashe a Oktoban 2022 don ta zama abin misali, ta zama misalin abin da bai kamata a yi ba: an rufe kafin a shirya abin da zai maye gurbin aikin mutanen garin. Mahaƙan kwal na sauran garuruwa sun gani, kuma ba za a ga laifinsu ba idan suka ƙi yarda da alkawari na gaba.

A kan iskar gas kuwa, ra'ayina a tsakiya yake, kuma da dalili. A taron Glasgow ɗin nan ƙasashe da dama sun yi alkawarin daina saka kuɗin gwamnati a ayyukan mai da gas na ƙetare. Watanni kaɗan bayan haka yaƙin Yukren ya ɓarke, sai ga shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, Olaf Scholz, a Senegal a Mayun 2022 ana maganar gas. Duk wanda ya ce wa Mozambik ko Najeriya ko Senegal kada su ƙona gas ɗinsu don yin taki da riƙe layin wuta da daddare, alhali shi yana saye, bai yi adalci ba. Amma wannan shekarar ta koyar da wani darasin: da Turai ta shiga kasuwa da jakar kuɗi, jiragen gas da Pakistan da Bangaladash suke jira sai suka juya, ƙasashen biyu suka kwana a duhu. Ƙasar da ke da gas a ƙarƙashin ƙasarta tana da hujjar amfani da shi. Wadda za ta ci bashi ta gina tashar da za ta dogara da gas na shigowa har shekara talatin kuwa ta ɗaura wa kanta igiya. Faifan sola sau ɗaya ake shigo da shi, mai kuwa kowane wata.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika kai shi babban zaure ba, wato girki. Mutum sama da biliyan 2 a duniya da itace ko gawayi ko kashin dabbobi suke dafa abinci, a Afirka kudu da Sahara kusan huɗu cikin kowane biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3.2 a shekara. Mace ce a durƙushe gaban murhu tana hura wuta, idanunta na zubar da hawaye, jariri a bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa, sau biyu ko uku a rana har tsawon rayuwa. Abin takaici, a alƙaluman duniya ana lissafa wannan itacen cikin makamashi mai sabuntuwa, shi ya sa za ka ga ƙasa matalauciya ta fito da babban kaso a jadawali. Indonesiya daga 2007 da Indiya daga 2016 sun fitar da miliyoyin gidaje daga kananzir da itace ta hanyar tukunyar gas. Gas ɗin girki daga mai yake, ban musa ba. Amma ban ga lissafin da zai sa a ce wa matar nan ta ci gaba da jira ba.

Ma'adinan da ake ƙera batir da su ma a ƙasashen nan suke. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ce ke haƙo kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt na duniya, amma a wani wuri ake tace shi a mayar da shi batir. Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020 ta tilasta a kafa matatu a cikin gida, Zimbabuwe ta bi sahu da ɗanyen litiyam a 2022. Matatun Indonesiya da yawa da kwal suke aiki, domin tace ma'adini yana son wuta mai yawa da ba ta yankewa. Ko cin moriyar ma'adinin ma sai da layi mai ƙarfi.

A Janairun 2025 shugabannin Afirka suka taru a Darussalam kan shirin Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka na kai lantarki ga mutum miliyan 300 kafin 2030. Kaso mai yawa zai zo ne ta ƙananan tashoshin sola na gari guda da kuma na gida-gida, kuma an san hanyar tana aiki: Bangaladash ta kafa wa gidaje sama da miliyan 4 sola tsakanin 2003 da 2018, a gabashin Afirka kuma ana biyan kuɗin faifai kaɗan-kaɗan ta wayar hannu. Fitila uku da cajin waya ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibi ko ungozoma. Abin da zan sa wa ido shi ne yadda za a yi ƙirgar. Idan duk gidan da ya samu ƙwai ɗaya aka rubuta shi cikin waɗanda suka samu wuta, za a cika adadin a takarda, mai walda da mai injin niƙa da mai ɗakin sanyi na kifi suna nan da janaretonsu. Ƙaramar tasha kanta ba ta tsayawa da ƙafarta sai da irin waɗannan masu shan wutar rana, domin su ne ke biyan kuɗin da zai sa a iya sauke wa gidaje farashi, a kuma canza batir idan ya mutu bayan wasu shekaru.